Allon Tagullar Injiniya Gidaɗo

Sufeto Sharhabilu bai gama shan kokonsa ba sai ga Injiniya Gidaɗo ya faɗo caji ofis na Wudil, ko hula babu. An sace masa eriya, ga shi gobe manyan ma'aikatar sadarwa za su zo daga Kano gwada ta. In ba ta, wahalar shekaru ta tashi a banza.

Sufeto ya zaci irin mai kama da kwanon nan ce. Ashe allo ne shimfiɗaɗɗe, an jera masa ƙananan faci-facin tagulla, kowanne da girmansa, don su tattaro saƙon iska su cilla shi wuri guda. Ƙarzanewa kaɗan ta isa ta rusa lissafin.

A gidan Injiniya da ke Sabon Gari, Isyaku maigadi ya rantse bai motsa daga ƙofa ba. Sufeto ya dubi maiƙon alkaki a gaban rigarsa, ya tambayi inda aka yi rabo. Bawan Allah ya sunkuyar da kai: gidan maƙwabta, inda aka kawo amarya.

A jikin tsanin hawa soron da aka ɗora allon a kai kuwa, ga shatin yatsu na ɗanyen lalle.

Sufeto ya yi sallama gidan bikin, ya tarar mata na layin kallon "madubin Makka". Da aka yi masa iso ɗakin amarya Saudatu, dariya ta kusa ƙwace masa. Ga allon can yana walƙiya a bayan kwanukan jere. Gwaggonta Barakatu ta tare gaba.

"Hajiya, daga ina wannan?"

"Tsarabar Makka ce, yallaɓai."

"Madalla. Mu ga tafin hannunki."

Lallen duk ya dame, da zanen itacen tsani ɓaro-ɓaro. Nan ta amsa laifinta. Ta ce dangin ango ne suka raina kayan ɗakin marainiya, ita kuwa ta hango abu yana sheƙi a soro, zuciya ta ɗebe ta.

Aka kira Gidaɗo, ya duƙufa yana bin facin ɗaya bayan ɗaya. Lafiya lau. Murna ta kama shi har da ƙwalla.

Sufeto ya tasa Barakatu gaba zuwa ofis, amarya ta biyo su tana kuka. Gidaɗo ya tsayar da amaryar a zaure.

"Share hawayenki, ƙanwata. Yanzu zan je in janye ƙara. In an gama gwaji gobe, ni da kaina zan dawo miki da madubinki ya kwana bakwai."

Guɗa ta raka su har bakin titi.