Ƙurar Mama

"Wa ya wanke jakar nan?!"

Muryar Baba ce ta sa na dire tiren kofi na ruga ɗakin injuna. Na same shi tsaye, jakar ƙurar injin da muke kira Koriya a hannunsa, fes da ita, har ƙamshin sabulu take yi.

Na shiga uku!

Injin zuƙar ƙura arba'in da ɗaya Baba yake da su, duk masu tulu da tayoyi, irin waɗanda ake ja da tiyo. Kowanne da bakunansa rataye a bango: siririn bakin lungu, buroshin labule, faffaɗan bakin kafet. Duk Lahadi bayan coci abokansa masu tara irin injunan na nan Belo Horizonte sukan zo su watsa shinkafa a kafet, su yi ta musun wanne ya fi zuƙa, tsofai-tsofai da su. Amma Koriya ba ta shiga gasa. Ta Mama ce. Da ita ta share falo safiyar ranar da ta yanke jiki ta faɗi, ba ta sake tashi ba. Shekara tara ke nan Baba bai yarda an zazzage jakarta ba.

"Ni ne, Seu Aristides."

Edmilson ne ya amsa wa Baba, ya kira shi da sunansa cikin girmamawa. Edmilson nawa, mai shagon gyara a bayan kasuwa. Baba ya tsani masu gyara, mahauta yake ce musu, wai suna cire kayan asali su cusa tarkace. Shekara biyu ina kuka ina roƙo kafin ya miƙa masa Koriya ya gyara mata taya ɗaya. Ya ce in ta dawo lafiya, a yi maganar aure.

Ni kuma sakarya ban taɓa gaya masa labarin jakar ba. A gidanmu ba a ɗaga maganar.

"Taya na ce maka... taya kawai!" in ji Baba. "Matata ce a ciki, yaro. Abin da ya rage min ke nan!"

"Ayya, abin tausayi," in ji Rogério daga bakin ƙofa, yana tauna burodin cuku. Ɗan aminin Baba ne, injinsa ashirin, kuma shi Baba ya so in aura. "Ai na faɗa, Kawu. Hannun da ya saba da bola bai san abu mai daraja ba."

Edmilson ya juya ya dube shi.

"Ba kai ka zo shagona ran Alhamis ba? Ka ce tsohon ya fi jin daɗi in an wanke komai har jaka?"

"Ni? Kai, ka ji tsoron Allah!"

Na juya kan Rogério.

"Munafuki! Bara ba a gabana ka kai hannu jakar nan Baba ya doke maka shi ba? Ka sani sarai!"

"Jussara, rufe min baki," in ji Baba. Bai ko dubi Rogério ba. "Ko wa ya zuga shi, hannunsa ne ya yi. Fita min daga gida. Kada in sake ganin ƙafarka."

Na sha gaban Edmilson na riƙe rigarsa, hawaye na zuba.

"Masoyina, kada ka tafi... don Allah ka ce wani abu!"

"Yi shiru, zuciyata." Ya zame hannuna a hankali. "Zan tafi, Seu Aristides. Amma sai na ba ka kayanka."

Ya buɗe jakar aikinsa. Ya fito da kwalbar zuma cike da ƙura, ya ajiye a tebur. Ya fito da takarda naɗaɗɗiya.

"Maigidan da ya koya min aiki ba ya bari a zubar da ƙurar mutane sai an baje ta a jarida an tankaɗe. Inji ba abin da ba ya haɗiyewa. Da na ga gashin mace a ciki, dogo, da furfura jefi-jefi... sai na kasa zubarwa. Waɗannan kuma su na tsinta."

Baba ya warware takardar. Maɓalli biyu. Ƙwayar carbi ɗaya. Sai zobe siriri na zinariya.

Ya zauna daɓas a kan akwatin bakuna.

"Zilda..."

Ban taɓa jin ya kira sunan Mama haka ba.

"Da safen nan ta ce zoben aurenta ya ɓace," ya ce, idonsa a kan zoben. "Ta rame, yana zame mata. Na yi mata faɗa. Na ce ba ta san darajar aurenmu ba... Na fita aiki ko sallama ban yi mata ba. Haka aka binne ta, yatsa ba zobe."

Ya rufe fuska ya fashe da kuka.

"Shekara tara yana gefena, ina gadinsa ban sani ba!"

Na durƙusa na rungume shi. Tausayinsa ya kama ni har na manta da nawa tashin hankalin. Da na ɗago, Rogério ya sulale, ya bar rabin burodinsa a kan kujera.

Baba ya share ido da bayan hannu. Ya daɗe yana kallon Edmilson.

"Kai, mahauci. Zo nan."

Ya danƙa masa zoben.

"A hannun dama za ka sa mata. Hagu sai ranar ɗaurin aure a coci, ka ji ko?"

Edmilson ya zura min zoben. Ya zauna min daidai, ni kuwa sai kuka da dariya a haɗe.

Baba ya miƙe ya mayar da jakar cikin Koriya da kansa. Ya buɗe kwalbar, ya zazzage ƙurar Mama duka a kan kafet, ya miƙa wa Edmilson tiyon.

"Kunna ta, ɗana. Mayar min da ita mazauninta."