Kebur ɗin Lantana

A wani gari an yi wasu yara huɗu da suka haɗa na'urorin gem ɗinsu a zaure ɗaya don tseren mota. Kowace na'ura da kebur ɗinta, kowane kebur ya shiga ɗan akwati guda, kowane da koriyar fitilarsa. Dokarsu ita ce, wanda fitilarsa ta mutu ana cikin tsere ya fita sai wani mako.

Lantana, ƙaramarsu, ta wuce kowa. Dije na biye da ita, Tanimu na can baya. Sai Tanimu ya miƙa ƙafa ya zare kebur ɗin Lantana. Fitilarta ta mutu, motarta ta ɓace.

"Kebur ɗinki ya lalace, ƙanwata," in ji shi. "Tashi."

Dije ta ga ƙafar, ta kuma ga yanzu ita ce a gaba. Ta tashi ta zare nata.

"Nawa ma ya lalace, Yaya Tanimu. Irin lalacewar nata."

Na huɗunsu, Iro, shi ma ya zare nasa. Tanimu ya zagaye filin shi kaɗai, ya zo na ɗaya, ba wanda ya tafa.

"To, a yi haƙuri," in ji shi.

"Ba haƙuri muke nema ba," in ji Dije. "Da ƙafa ka zare, da hannu za ka mayar. Kuma ita za ta zaɓi fili."

Tanimu ya durƙusa ya mayar. Lantana ta share hawaye ta ce, "Mai duwatsun nan, Yaya. Wanda ba ka iya ba."