Jan Kare Mai Baƙar Geza

A wata ƙasa mai doguwar ciyawa, an yi wani jan karen daji mai baƙar geza, ƙafafunsa dogaye kamar sanduna. Ɓeraye da gautan daji yake ci. Inda ya yi kashi, nan gauta ke tsirowa.

Wani manomi ya ce, "Kukansa ya dame ni. Zan ƙone ciyawar."

Matarsa ta ce, "Malam, me ya ci maka?"

Bai saurare ta ba, ya cinna wuta.

Damina ta zo, babu gauta. Wata daminar ta zo, babu gauta. Ɓeraye suka cinye rumbu.

Kullum da magariba manomin yakan tsaya a filin yana kasa kunne.

Ya ce, "Ke ma ba ki ji komai ba?"

Ta ce, "Ai shirun ka nema."