Tsohon Hanyar Marnona

Na dawo daga Turai ina neman asalin kakan babana, baƙon da ya yi aure a Goronyo ba wanda ya san garinsu. Shaidun auren duk sun rasu.

Da magariba babur ɗina ya mutu bayan Marnona. Wani tsoho ya tsaya gabana, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A taɓon hanyar, sawuna kaɗai nake gani.

"Yaro, mi kaka biɗa?"

Na faɗa masa. Ya ɗora yatsu masu sanyi a kuncina, yana lalube.

"Ina zanen gidanmu? Shi ɗai nib bar muku."

Ni na sa likita ya goge shi, saboda dariyar 'yan ajinmu. Na haska fuskar tsohon. Zanen yana nan, irin wanda aka goge mini sak.