Mayafi a Hanyar Babila

Salkar ruwa ɗaya. Rabin kwandon sha'ir. Dutsen niƙa. Gunkin gida mai karyayyen hannu. Alƙalamin kara, gadon ubanta marubuci da aka rataye a ƙofar gari.

Abin da Lamassi da uwarta suka fito da shi daga Ninawa ke nan. Kwana tara suna bin gaɓar kogin Dijla cikin ayarin kamammu, sojojin Babila suna kora su kudu. Shekara ɗari Ashurawa, mutanen Ninawa, suna yi wa wasu irin wannan kora, yau ta juyo kansu. Tun a ƙofar gari aka fizge lulluɓin kowace mace, don baiwa ba ta rufe kai.

A rana ta tara wani tsoho ya faɗi. Ubru, mai tsaron ayarin, ya sa masa gatari a ka. Jini ya fallatsa wa Lamassi a fuska da gashi.

Wani saurayin soja mai suna Kidinu ya kwance mayafinsa ya yafa mata a ka.

"Goge," ya ce. "Ƙudaje za su dame ki."

Ta ɗago ta dube shi, shi ma ya kasa kau da ido. Kamammu shida da ke kusa suka tsaya cik.

"Me kuke kallo? Ku wuce!" in ji Kidinu.

Bai san abin da ya yi ba. A Babila mayafi mayafi ne. A ƙasar Ashur, namijin da ya lulluɓe kamammiya a gaban shaidu ya ɗaura rabin aure, saura ya ce matarsa ce.

"Cire tsumman nan," in ji uwarta. "Su suka rataye ubanki."

"Ba shi ba ne, Inna."

"Ƙwarya ɗaya suke ci."

"A gaban mutum shida ya yi. Ban roƙe shi ba."

"Ya faɗi maganar?"

"Zai faɗa."

Washegari ta ɗebi yumɓu a bakin kogi, ta yi allo da shi, ta yi rubutu a kai, ta sa a kwandon da ake kai wa sojoji gurasa.

"A faɗa wa mai mayafi, Lamassi tana cewa: Alloli su raya ka. Ka fara abu ka tsaya. Yaushe za ka ƙarasa?"

Kidinu ya ɗan taɓa karatu a haikalin Shamash, gunkin rana. Amsa ta dawo da rubutu kamar kaza ta bi ta kai.

"A faɗa wa Lamassi, Kidinu yana cewa: Ban gane ba. In mayafin ne ki riƙe, dama ya tsufa zan yar da shi. Tun jiya ban iya cin abinci ba."

Ta karanta, ta fasa allon a kan dutsen niƙa.

Da ayari ya tsaya hutun rana ya zo da dabino a tafin hannu.

"Kurciyata, me na yi?"

"Kurciyar wa? Da abin yarwa ake lulluɓe matan garinku?"

"In na kai gida zan sayo miki na ulu, ja."

"Kai dai jaki ne, Bababile."

"Na yarda. Ci dabino."

Ta ci. Haka suka yi kwana ashirin, kullum dabino da zagi. Ba ta yi masa bayani ba, don macen Ashur ba ta roƙon aure.

Ubru yana kallo. Ba'ashure ne shi ma, ya nuna wa abokan gaba inda ganuwa ba ta da ƙarfi, aka saka masa da bulala da gatari.

"'Yar marubuci, ki dawo tantina ki huta da tafiyar ƙasa," ya ce mata.

Ta tofa masa yawu a ƙafa.

Da safen da suka iso Sippar, garin su Kidinu, mutane suka fito tarbar 'ya'yansu. Nan Ubru ya jawo ta da gashi zuwa tsakiyar fili.

"Ku shaida! Baiwa da lulluɓi! Dokar garinsu ce, kunnuwa biyu!"

Ya danne ta da gwiwa, ya yanke na hagu, ya jefa wa kare.

Kidinu yana rungume da ubansa Balasu ya ji ƙararta. Ya ratso mutane a guje. Uwar Lamassi, wadda ba ta taɓa amsa gaisuwarsa ba, ta cafke rigarsa.

"Ɗana, ka ce matarka ce! Kai ka lulluɓe ta! Ka faɗa da ƙarfi, in ba haka ba zai yanke ɗayan!"

Sai yanzu ya gane allon.

Balasu ya sha gabansa, ya ɗaga dungulmin hannunsa na hagu.

"Dubi nan. Shekara biyu Ashurawa suka kewaye Babila har yunwa ta sa muka dafa takalma. Ina ɗan shekara tara suka yi mini wannan. In ka faɗa, ba ni ba kai."

"Baba, matsa."

Ya wuce shi.

"Matata ce! Ni na lulluɓe ta a gaban mutum shida. Matata ce!"

"Mun gani!" in ji kamammu.

Ubru ya saki wuƙa ya zari gatari. Kidinu ya riga shi, mashi ya shiga ta ƙarƙashin haƙarƙari ya fito ta baya. Shugaban runduna ya leƙo, ya taɓa gawar da ƙafa.

"Wanda ya sayar da garinsu ne? Ku ba kogi."

Kidinu ya ɗauki Lamassi. "Kurciyata, me ya hana ki faɗa mini?"

"Na rubuta. Kai ne jaki."

Bai san wani gida ba sai na ubansa, can ya nufa, uwarta tana biye. Balasu ya riga su zuwa, yana tsaye a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon jinin da ke bin wuyanta.

"Ubanki yana cikin waɗanda suka kewaye mu?"

"Marubuci ne, Baba. Kakana ne ya je."

"Ko ƙarya ba ki iya ba."

Ya yagi gefen rigarsa da haƙori, ya ɗaure mata kan da hannu ɗaya. Ba ta motsa ba.

Maƙwabta sun taru a baya. "Balasu, Ba'ashuriya za ka sa a gida? Miƙo ta nan!"

"Ku shiga," ya ce wa mutum ukun. "Shamash ya ba ku 'ya'ya masu gaɓoɓi cikakku."

"Ishtar ta amsa," in ji uwar Lamassi, tana kiran abin bautar Ninawa.

Ya bi su ciki, ya tura ƙofa da kafaɗa, ya sa sakata.

"Ku ji ni da kyau, ku na waje. Surukata ce. Gobe da safe zan zuba mata man aure a ka da hannun da suka bar mini."