'Yar Janar da Ɗan Maƙeri

Ranar da Laftanar Jost Wendlandt ya fara taka gidan Janar Leberecht von Strelau a Stettin, taswira ya kawo, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf. Ya tarar da wata budurwa a teburin Janar tana rubutu, tawada duk ta ɓata mata yatsu.

"Baba ya fita duba dawakai," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ajiye nan, kada ka ɗiga min ruwa a takarda."

"To ranki ya daɗe, ni kuma in ajiye kaina a ina? Ni ma ɗiga nake."

Ta ɗago ta dube shi, dariya ta ƙwace mata.

Henrike ke nan, autar Janar. Tun da harsashi ya cinye wa mahaifinta yatsu uku, ita ce hannunsa, yana faɗa tana rubutawa. Shekara goma yana fama a kan abu biyu: a daina zane soja da bulala, muƙamin hafsa kuma a ba wanda ya ci jarrabawa, ko ɗan waye. Jost na cikin na farko da suka shigo ta wannan ƙofa. Ɗan maƙerin ƙauye ne, Janar kuwa bai da abin alfahari kamarsa.

Ba a jima ba wasiƙu suka fara tafiya cikin naɗin taswira.

"Rike, sanyin idona. Yau a wurin fareti na ce wa sojoji dama, ni na juya hagu. Laifinki ne. Naki, Jost."

Ta mayar masa: "Ɗan maƙerina, bar ɗora min laifi. Ka zo ka ga Baba ranar Lahadi bayan coci. In tsoro kake ji, faɗa min in ara maka zuciya."

Ya zo, ya nemi aurenta. Janar ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya murtuke fuska.

"Wendlandt, a fagen fama zan amince maka da raina. Amma 'yata? Ka san gidan da ka fito."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ban taɓa jin kunyarsa ba."

"Fita."

Da ma akwai Kyaftin Eckbert von Garzin da ke neman Henrike. Kawunsa ne jagoran tsofaffin masu sarauta da ke yaƙar gyaran Janar, kuma kowa ya san aurenta da Garzin zai sa su yi shiru. Cikin mako guda aka tura Jost can gaɓar teku, Kolberg. Garzin ne ya kawo mata labari, yana murza gashin baki.

"Shi ya roƙa a ɗauke shi. Ƙarfen naki ya ji wuta ya narke."

Mako biyu Henrike ba ta cin abincin kirki. Sai ga wasiƙa.

"Rike, shirunki ya fi sanyin tekun nan cin rai. Ban gudu ba, umarni ne, da hatimin mahaifinki. Ba zan saɓa masa ba, ba kuma zan bar ki ba. Ko shekara ashirin ce, ina nan."

Ta karanta sau uku. Ashe wannan umarnin ne takarda ɗaya tak da Baba bai ba ta ta rubuta ba.

Washegari da safe Janar yana kai da kawo, yana shifta mata wasiƙar da za ta je majalisar sarki.

"Rubuta: sunan kaka ba ya riƙe takobi."

Ta ajiye alƙalami.

"Ba zan rubuta ba, Baba."

"Ke! Da ni kike?"

"Da kai nake. Kana gaya wa sarki ɗan maƙeri ya isa ya shiga gaban mutum dubu ya mutu, amma bai isa ya ci burodi a teburinka ba. Hannuna ba zai rubuta abin da zuciyarka ta ƙaryata ba."

"In na kori Garzin, kawunsa zai rushe min aikin shekara goma!"

"In sai da ni za a tokare shi, Baba, tun yanzu a rushe yake."

Kwana uku ba su yi wa juna magana ba. Da ya kai ƙara wurin matarsa Ulrike, ko dakatawa da saƙarta ba ta yi ba.

"Kai ka koya mata tsayawa a kan gaskiya, Leberecht. Ka ɗauka a kan wasu kawai za ta gwada?"

Rana ta huɗu ya zauna, ya riƙe alƙalami da hagu, ya rubuta da kansa, layin a karkace: "Wendlandt, ka dawo. Ka taho da mahaifinka."

Kawun Garzin bai yafe ba. Ya tayar da ƙura har aka jingine gyaran shekara biyu, manyan gidaje da dama suka daina gayyatar Janar. Ko a jikinsa. "Mun saba," ya ce, suka koma kan rubutu shi da 'yarsa.

Da bazara aka ɗaura aure a cocin barikin. Tsoho Wendlandt ya rakuɓe a kujerar baya yana murza hularsa, Janar ya je ya kamo hannunsa, ya zaunar da shi kusa da kansa a sahun gaba, kowa na kallo.

Da aka fito, ango da amarya suka durƙusa gaban iyayensu maza. Hawaye suka zubo wa maƙerin. Janar ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya har tsufa." Ya dubi Jost, idonsa ya ciko, yana murmushi. "Ya kuma ba ka 'ya mace mai taurin kai irin na uwarta, ɗana, in ga yadda za ka yi."

"Amin, Baba," in ji Henrike, tun kafin ango ya buɗe baki.