Ɗigon Jan Farce a Gindin Inji

Ƙarfe goma na safe janwe ta jawo wata mota har ƙofar ofishin 'yan sanda. Ja ce, mai ƙofa biyu, irin motocin tseren nan da cikinsu ke kusan shafar ƙasa. Mai ita, wani likitan haƙori, ya shigo yana huci, riƙe da hannun wani dattijo mai rigar gareji.

"Ranki ya daɗe, ɓarawo na kawo miki," in ji Likita. "Shi ya duba min injin nan kafin in saya, ya ce lafiyayye ne. Kwana biyu kacal na hau ta ya buga. Wanda ya buɗe ya ce ba ma injin motar ba ne, ruɓaɓɓe aka dasa. Wa ya taɓa ta in ba shi ba?"

Sufeto ta dubi dattijon. Wa bai san Baba Kunne ba? Shekara arba'in yana kara sukudireba a jikin inji, ya sa kunne a ƙotarta, ya faɗi ciwon mota tun ba a kwance noti ɗaya ba. Ba shi da gareji na a zo a gani, maganarsa ita ce jarinsa. In aka ce ya saci inji, ko kotu ta sallame shi ya gama sana'a.

"Baba, me ka ce?"

"'Yata, injin da na saurara ko tari ba ya yi. Wannan kuwa ban san shi ba."

Suka fita wajen motar. Kofur ya ɗaga bonet. Notunan da ke riƙe da injin duk da sabon cizon sifana, lambar injin kuma an goge ta tas.

"A leƙa ƙasa," in ji Baba. "Duk injin da na amince da shi, nakan ɗiga masa jan farce a gindi, inda ido ba ya kaiwa. Na matata ne, tun tana faɗa har ta gaji ta bar min kwalbar."

Kofur ya kwanta rigingine da tocila, ya fito da baƙin mai a hanci. Babu ɗigo.

"Ai wannan faɗarsa ce kawai!" Likita ya ce.

Gaskiyarsa, kuma abin ya dami Sufeto. Rashin ɗigo ba hujja ba ce, sai an ga inda ɗigon ya tafi. Ta koma ofis da Likita shi kaɗai, ta buɗe littafinta.

"Yaushe Baba ya duba motar?"

"Litinin."

"Yaushe ka ɗauke ta daga wurin dillali?"

"Ranar. Nan take."

"Ka ce kwana biyu ka hau ta. Yau Asabar. Daga Litinin zuwa Asabar kwana biyu ne a makarantar likitoci?"

Likita ya shiga gyaran tabarau. Da ƙyar maganar ta fito. Sai Alhamis ya ɗauke ta. Uwargida tana zaton motar iyali zai sayo, ga 'ya'ya huɗu, ga mota mai kujera biyu. Kwana uku ya yi yana neman bakin da zai faɗa mata.

"Dillalin ne ya ce in bar ta a wanke, a goge ta."

"Kwana uku tana hannun wani, amma tsoho ka jawo kan titi," Sufeto ta ce. Ranta ya ɓaci, ba ta kuma ɓoye ba. "Wane dillali?"

"Lafiya Lau."

Sunan ya samo shi ne don ko mota tana ci da wuta, lafiya lau zai ce maka.

Bayan azahar Sufeto ta cire kaki, ta yi kwalliya, ta rataya jaka. Ta bar Kofur da Baba da Likita a mota bayan shingen waya, ta shiga filin sayar da motocin tana taku ɗaiɗai. Can ƙarƙashin rumfa ga 'yar'uwar jar motar, rawaya, sai sheƙi take yi.

Lafiya Lau ya taso baki har kunne.

"Hajiya, idonki ya san abu mai kyau!"

"Injin fa? An ce irin waɗannan ba sa ƙarko."

"Lafiya lau! Yadda ya fito daga kamfani haka yake, hannun makanike bai taɓa sauka a kansa ba. Ke dai dubi kujeru da madubi, inji maganar maza ce."

"Haka ne. To tayar min in ji, ko ban gane ba."

Ya murɗa makulli, ya ba ta wuta. Motar ta yi gurnani mai santsi, babu gargada. Ba a yi minti guda ba sai ga Baba Kunne ya shigo da sauri kamar ba mai ciwon gwiwa ba, Kofur yana biye.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Ko a cikin dubu na san muryarsa!"

"Wane ne wannan tsohon?" in ji Lafiya Lau, shi da ya shimfiɗa masa kwali ya kwanta ƙarƙashin jar motar ranar Litinin.

Sufeto ta sa aka kashe motar. Ta ciro madubin hoda daga jaka, ta durƙusa ta zura shi ƙarƙashi. Kofur ya haska. Ga ɗigon nan ja, ɗan mitsitsi, a gindin injin.

"Zo ka gani," ta ce. "Kamfanin ne yake shafa wa inji jan farce?"

Ta nuna wa Lafiya Lau katinta na 'yan sanda. 

"Ranki ya daɗe, kuskuren ma'aikata ne..."

"Kai ka ce hannu bai taɓa shi ba. Ina injin rawayar?"

 Kofur ya yaye tamfol a bayan rumfar, ga inji uku a jere, kowanne mushe. Da Lafiya Lau ya ga ba mafita sai ya zube a kan wata tsohuwar taya ya fara zuba.

"Inji ɗaya ne mai kyau. Ango muke ce masa. Ranar da za a zo dubawa sai mu ɗaura shi, in ciniki ya faɗa mu ce a bar mota a goge. Kafin mai ita ya dawo, ango ya tare a wata."

"Mota nawa ya aura?"

"Wannan ce ta biyar."

"To yau an raba auren. Kofur, sa masa ankwa."

Aka tasa ƙeyarsa zuwa mota, masu ciniki suka dare suka ba da hanya. Likita ya matso, ya cire hula, ya durƙusa a gaban Baba cikin jama'a.

"Baba, na ci mutuncinka a kan titi. Ka yafe min."

"Tashi, ɗana. Gobe in haƙorin da ka cire wa wani ya ɓace maka, ka bincika aljihunka kafin ka kira ni ɓarawo."

Aka kwashe da dariya. Sufeto ta ji wani daɗi da ta daɗe ba ta ji ba a aikin nan. Tana rufe littafinta ta ga mutane sun kewaye tsohon, wannan na jan hannunsa, wancan na cewa tasa motar tana waje, a taimaka a saurara masa.

Baba Kunne ya zaro sukudirebarsa daga aljihu, ya goge ta a gefen riga.

"Ku yi layi," ya ce. "Kuma kowa ya kashe tasa ta huce tukuna. Inji mai zafi maƙaryaci ne."